Surukina ba ya miƙewa a gabana, inshora kuma na shirin sallamarsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Admin, Allah ya saka da alheri, a taimaka a sakaya sunana. 'Yan uwa na wannan zaure, na daɗe ina karanta matsalolin mutane a nan ban taɓa tofa komai ba, yau ni ma na zo da tawa, don Allah ku ba ni shawara. Karatuna ba mai zurfi ba ne, ku yi haƙuri da yadda zan jero maganar.

Ni mazaunin Riyad ne, direba ne a wani kamfanin raba kayan abinci, ina zaune a unguwar Al-Oud. Matata ta rasu farkon shekarar nan bayan gajeriyar jinya, Allah bai ba mu haihuwa ba. Ba zan tsawaita a kanta ba, wanda ya karanta ya sa ta a addu'a. Maganar da ta kawo ni ta mahaifinta ce, wanda zan kira Baba.

Baba Bafulatani ne daga wajen Jigawa, ya zo ƙasar nan tun yana da ƙuruciya, ya tsufa yana kula da sito a wani kamfanin kayan ɗaki kusa da Al-Murabba. Matarsa ta riga mu gidan gaskiya tuntuni, marigayiya ce kaɗai 'yarsa da ta rayu. A gida kuma babu wani nasa na kusa da ya rage, sai jikokin 'yan uwa da ba su san fuskarsa ba. Duk tsawon aurenmu, abin da ke tsakanina da shi gaisuwa ce. In na je wurinsa tun daga bakin ƙofa nake cire takalmi, in durƙusa, in gaishe shi, ya amsa yana kallon gefe, shi ke nan. Bai taɓa cin abinci a gabana ba, ni ma ban taɓa ci a gabansa ba. Malam yake kirana, alhali ban kai malami ba. Duk wata magana ta bakin marigayiya take bi, ya ce mata ki gaya wa mutumin naki kaza, ni kuma in ce ki gaya wa Baba kaza, ko da muna ɗaki ɗaya. Takan yi dariya ta ce mun mayar da ita wayar tarho, kuma ba ma biyan kuɗin kati. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin tamu, kuma a ganina girmamawa ce daga ɓangarorin biyu.

Ranar da muka kai ta makwancinta bai zubar da hawaye ba. Da aka gama ya juyo ya ce min, Allah ya ba ka haƙuri Malam, kamar ni kaɗai aka yi wa rashi. Ba a daɗe da yin arba'in ba aka kira ni daga wurin aikinsu, wai ya faɗi a cikin sito. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama. Allah ya sa da sauran kwana, ya farfaɗo, amma ƙafa da hannu sun ƙi, baki ya karkace, kuma Larabcin da ya yi shekaru yana ciniki da shi ya ɓace masa, sai na salla da addu'a. Hausa da Fulatanci ne suka rage. Likita ya ce hakan na faruwa.

Bayan ya ɗan daidaita aka mayar da shi wani asibiti na gashi da koyon tafiya, inda ake kwantar da irinsu ana motsa musu jiki kullum. Inshorar kamfaninsu ce ta amince. Ma'aikacin da ke taga ya yi min bayani da sauri, abin da na kama shi ne an ba da izini na wasu makonni, in sun ƙare likita zai rubuta rahoto a sabunta. Ban tambayi me ake so rahoton ya nuna ba. A nan kuskurena ya fara.

Akwai inda muke haɗuwa da 'yan gida mu sha shayi bayan Juma'a a wajen Batha. Da na ba su labari, kusan bakinsu ɗaya, suka ce ka san halin 'yan inshora, da zarar sun ji an ce da sauƙi za su tattara shi su miƙo maka, duk wanda ya tambaye ka ka ce jiki sai a hankali. Maganar ta zauna min, domin haka na san ana yi a gida, wanda jikinsa ya fi tsanani shi ake bari a gado, wanda ya samu sauƙi a sallame shi a ba wani. Ba da mugunta suka faɗa ba, ni ma ba da mugunta na ɗauka ba.

Na roƙi a mayar da aikina na yamma, don in riƙa wuni da Baba da safe, tunda babu mai jin Hausa a asibitin. Na zama ni ne bakinsa, ni ne kunnensa. Mai yi masa gashin wani Bamisire ne, mutum mai zafin nama, muna ce masa Dakta. Zai tsaya gaban Baba ya ce min, gaya masa ya ɗaga ƙafar, ya sake, ya sake, kar ya tsaya sai na ce. Jama'a, da wane baki zan ba surukina umarni? Sai in sunkuyar da kai in ce, Baba, wai in ba ka gaji ba, ko za a ɗan gwada ƙafar. Shi kuma ya ce, a bari sai gobe in Allah ya kai mu. In juya in ce wa Dakta ya gaji. In aka tsayar da shi tsakanin ƙarafunan nan biyu da ake dafawa, da na ga gwiwarsa ta fara rawa sai in yi wuf in tallafe shi, Dakta na cewa sake shi ya akhi, sake shi, ni kuwa hannuna ya ƙi. In butarsa ta yi nisa in matso da ita, in hularsa ta zame in gyara, takalmi ni nake sa masa. Lokacin cin abinci in ajiye tire in fita in tsaya bayan ƙofa, nas ce ke ba shi a baki, don ni na gaya musu ba ya iya riƙe cokali.

Tambayoyin da ake yi duk ƙarshen mako su ne suka fi min nauyi. Yana iya sa riga da kansa? Yana iya juyawa a gado? Yana iya zuwa banɗaki, yana iya tsarki, yana riƙe fitsari? Wallahi ko sau ɗaya ban juya waɗannan na ƙarshen zuwa Hausa ba. Nakan matsa kusa da shi in ce Baba ana tambayar jiki, ya ce alhamdu lillahi, ni kuma in amsa musu da a'a, ba ya iyawa. Rabi kunya ce, rabi kuma shawarar da aka ba ni, ina ganin kamar gadonsa nake tsare masa.

An sabunta izinin sau ɗaya ba tare da matsala ba, na ce a raina dabara ta yi. A karo na biyu sai Dakta ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya ce inshora ta ba da ƙarin lokaci kaɗan, kuma shi ne na ƙarshe. Na ce ai mutumin nan ko tsayuwa ba ya yi, ta yaya za a sallame shi? Ya ce ai dalilin ke nan. Ya yi min bayani a hankali yadda zan gane. Wannan gado ba na mai ciwo ba ne kawai, na mai ciwon da ke samun ci gaba ne. Muddin rahoto na nuna jiya an ɗaga shi, yau ya dafa ya tashi, gobe ya yi taku, inshora za ta ci gaba da biya. Ranar da rahotanni suka fara zuwa iri ɗaya, sai su ce gashi ya daina amfani, abin da ya rage kulawa ce ta yau da kullum, wanka da ciyarwa, wannan kuwa ba ta cikin abin da suke ɗauka, ta iyali ce. Ya ƙara da cewa watannin farko su ne jiki ya fi karɓar gashi, kuma na Baba suna tafiya. Ya ce shi abin na ba shi mamaki, don in ya taɓa ƙafar yana jin akwai ƙarfi a ciki.

Na fito ofishin ban san inda nake sa ƙafa ba. Duk a'ar da na faɗa da bakina ita aka tara aka aika musu. Kuɗin kwana ɗaya a wurin, in babu inshora, ba abin da mai albashi irin nawa zai tunkara ba ne. Gidana a sama yake, matakala ce siririya, babu lif, kuma rabin wuni ina kan titi. In aka sallame shi a haka, kamfaninsu ba zai ci gaba da riƙe iƙama, wato takardar zaman ƙasa, ta wanda ba zai koma aiki ba, ƙarshenta a ɗora shi a jirgi kan keken marasa lafiya zuwa garin da babu mai tarbarsa.

Juma'ar da ta biyo baya wani tsohon abokinsa ya zo dubiya, zan kira shi Ba Modu. Babarbare ne, yana gadi a wata gonar dabino a bayan gari, ranar Juma'a kaɗai kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, ke barinsa ya fito. Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Na gaishe shi na ɗauki fulas na sauka neman ruwan zafi. Da na dawo, tun daga baranda nake jin murya, ƙofar ba ta gama rufuwa ba, sai na tsaya.

Ba Modu na cewa, “Kai bawana, haka za ka shimfiɗe kamar tsohuwar saniya? Ana ba ka abinci a baki, an mayar da kai ango? To ga hularka a hannuna, Barno zan kai ta, in ce ganima ce na ci a yaƙi.”

Na ji Baba da karkataccen bakinsa ya ce, “Ɓarawo ɗan ɓarawo. Kawo min hulata.”

“Zo ka karɓa in ka haifu. Ga ni nan jikin taga.”

Na leƙa. Baba ya kama ƙarfen gado da hannun hagu, ya zuro ƙafafu, ya yunƙura ya koma, ya sake yunƙurawa ya koma, Ba Modu na yi masa dariya, ko motsi bai yi don ya taimaka ba. A na gaba ya miƙe. Ya ja ƙafar daman nan a ƙasa, ya sake ja, yawu na zuba masa a gaban riga, jikinsa duk yana rawa, yana zagin Barebari kaf ɗinsu, har ya kai ya faɗa jikin abokinsa ya warce hular. Dariya suke yi su biyu kamar yara. Ni ban taɓa ganin haƙoran Baba ba sai ranar.

Fulas ɗin ne ya bugi ƙofa. Baba na ganina ya saki jiki, Ba Modu ya zaunar da shi a kujera. Baba ya goge baki da sauri, ya jawo mayafi ya rufe ƙafar, ya kawar da kai ya ce, sannu da dawowa Malam. Ban san yadda na zuba shayin ba. Ashe ba ciwo ne kaɗai ya zaunar da shi ba. Ba zai yi tangaɗi yana dalalar da yawu a gaban mijin 'yarsa ba, ni kuwa kullum ina tsaye a kansa tun safe.

Ranar Lahadi na je wa Dakta da labari ina murna. Ya saurara, ya ce ya yarda da ni, amma ba zai rubuta abin da bai gani da idonsa ba, kuma masu gashi ba sa aiki ranar Juma'a. Na ce to in ɗauka a waya in ya sake yi, ya ce ba a karɓar wannan, ni ma da na sake tunani na ga ɗaukar dattijo a ɓoye cikin wannan hali bai dace ba. Daga nan na roƙe shi abin da nake jin kunyar faɗa, na ce ya ɗan ƙara a rahoton, tunda gaskiya ce. Ya ƙi. Na ɗaga masa murya, na ce ba su da tausayi, shi ma ya ɗaga, ya ce in ana maganar wanda ya hana Hajji (haka yake kiran Baba) tafiya kada in duba nesa, ya daɗe yana zargin abin da yake faɗa ba shi nake isarwa ba, don shi yana magana kamar mai kora, ni ina yi kamar mai lallashin jariri. Bai yi ƙarya ba. Da muka huce ya ce zaɓi biyu gare ni kafin gwajin ƙarshe ranar Alhamis mai zuwa. Ko in daina shiga wurin gashin, shi zai yi da hannu da nuni iyakar abin da zai yiwu, ko in zaunar da Baba in gaya masa dokar ƙarara, sannan in riƙa faɗa masa umarni yadda aka faɗa, har tambayoyin banɗaki.

Na kira Ba Modu ko zai samu ya zo tsakiyar mako. Ya ce ya tambaya, lokacin sarar dabino ne, kafili ya ce ko ƙofa ba zai fita ba. Na ce to ya gaya wa Baba dokar a waya. Ya gwada, Baba ya yi dariya ya ce Babarbare da ƙarya, yaushe aka taɓa korar mara lafiya don bai warke ba. Duk abin da ya fito daga bakin Ba Modu wasa ne a wurinsa. Sai Ba Modu ya juyo kaina, ya yi min faɗa sosai. Ya ce yarinya ta tafi, babu ɗa babu jika, surukuta ta ƙare, yanzu ko dai ni ɗan Baba ne ko ba kowa ba, in ɗansa ne in buɗe baki in daka masa tsawa ya tashi, kunyar da za ta gurgunta mutum ba kunya ba ce. Na san yana da gaskiya a wani ɓangare, amma kalmar ta ƙare ɗin nan ta yi min zafi, na kashe wayar ban yi masa sallama ba. Har yanzu ban nemi gafararsa ba.

Abin da ban iya gaya masa ba shi ne, wannan durƙuson da nake yi, da kawar da kan da Baba yake yi, su kaɗai suka rage da ke nuna an taɓa yin ta a tsakaninmu. In na shiga ɗakin ya sunkuyar da ido, har yanzu mijin 'yarsa yake gani. Ranar da na tsaya a kansa na ce tashi, na tambaye shi ko yana riƙe fitsari, ina jin kamar da bakina na sanar da shi cewa babu ita. Ya sani, ni ma na sani, amma ba mu taɓa faɗa wa juna ba.

Shekaranjiya bayan la'asar na yi niyyar magana. Na durƙusa na ce Baba akwai 'yar magana. Ya ce to. Na ce sun ce gadon nan ba na dindindin ba ne. Ya ce ai ko na gida ma ba na dindindin ba ne, mai ciwo haƙuri ne nasa, in Allah ya kawo sauƙi sai a tashi. Sauran maganar ta maƙale. Ta yaya zan ce masa haƙurin da yake taƙama da shi, shi ake rubutawa a matsayin rashin ci gaba? Can sai ya ce, yana kallon bango, Malam ka yi ƙoƙari, yarinyar nan ba ta bar maka nauyina ba, ka koma bakin aikinka da safe. Ban gane ko tausayina yake ji ba, ko hanya yake nema in ba shi wuri.

Jiya na bi maganarsa. Na zo asibitin amma ban hau ba, na zauna cikin mota har azahar. Dakta ya ce an ɗan samu canji, Baba ya tsaya tsakanin ƙarafunan fiye da yadda ya saba, amma da ya gaji ya zauna, babu yadda za a yi a fahimtar da shi dalilin da ya sa dole ya sake, kuma wannan kaɗan ɗin ba lallai ya ishi inshora ba. Nas kuma ta ce ya ƙi abincin rana, ya sa an juya kekensa yana fuskantar ƙofa, haka ya wuni. Ashe sai ya san ina tsaye a waje yake ci. Da na leƙo da yamma kafin in wuce aiki, abin da ya ce kawai shi ne, na ɗauka ko ba ka ji daɗi ba ne.

To 'yan uwa, ga inda nake. In na tsaya kusa ƙafarsa ba ta motsi, in na yi nisa ba ya cin abinci, Alhamis kuma tana matsowa. Makonnin da suka wuce ni na ɓata su, wannan ba ya bukatar a lallashe ni a kai, na riga na sani, ina roƙon Allah ya yafe min. Abin da nake tambaya shi ne na gaba. In ci gaba da ɓuya a mota, in bar shi da mutuncinsa a idona, in yi fatan ɗan abin da Dakta zai samu da nuni ya isa? Ko in shiga in zauna gabansa in gaya masa komai, har da amsoshin da na riƙa bayarwa da sunansa bai sani ba, in karɓi duk abin da hakan zai rushe tsakaninmu? Malaman da ke cikin zauren nan, shin ɗaga wa suruki murya don a cece shi rashin ladabi ne? Dattawa kuma, musamman Fulani, ku sa kanku a gadonsa ku gaya min wanne za ku fi iya ɗauka. In kuma akwai wanda ya taɓa kallon surukinsa ido cikin ido ya ce masa tashi, don Allah ya rubuto min kalmar da ya fara da ita, ita nake nema.